Gangar Shuka a Hannun Inna Delou

Assalamu alaikum, ƙanena Harouna. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara wa Inna Delou sauƙin ƙafa. Mu nan Riyad sai godiya. Aikin asibiti yana tafiya, an sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, 'yata Nazira kuma ta shiga aji uku, Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausa kuwa sai an matsa mata.

To, maganar gidan rediyonmu ce ta sa na zauna rubutu, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Kai kana goye lokacin da Baba ya kafa Muryar Tudun Gawo, ni kuwa da wayona. Ɗaki ɗaya ne, da batirin mota, da dogon ƙarfen eriya a bayan rumbu. Gona-gona ya bi da rakoda yana ɗaukar kiɗan manoma, na gayya daban, na girbi daban, ƙanwarsa Inna Delou tana adana kaset ɗin a akwatin ƙarfe. Ba ta karatu, da zare take gane su: ja na biki, kore na shuka. Doka ɗaya Baba ya kafa, ba a sa gangar shuka sai Inna ta je gona ta tona ƙasa ta ga laima ta kai gwiwar hannu. Shekara ashirin da biyu ƙauyukan nan ba sa fito da iri sai sun ji ta.

Da ka karɓi ragama ka juye kaset ɗin cikin kwamfuta, na yaba maka, har yanzu ma ina yabawa, don ta haka nake jin gida a wayata. Amma haba Harouna! Ka sallami tsohuwa, ka bar na'ura tana zaɓen kiɗa da kanta? Kwamfuta ta san laima ne? Yayyafi ɗaya aka yi ta saki gangar shuka, mutane suka zuba irin geronsu, rana ta ƙone shi. Matarka ta gaya mini yanzu ko sanarwar ɓatan akuya ba a kawo muku, kai kuma ka ce za ka daina kiɗan manoma gaba ɗaya ka koma na zamani, wai laifin jahilci ne. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai.

Bari ka ji wanda ka kira jahili. Ranar da abin ya faru ina hutun tsakiyar aiki a asibitinmu na Shumaisi, ina shan shayi, sai na ji gangar a wayata. Na ce wa abokiyar aikina damina ta sauka a garinmu, na buga wa mai kula da gonata waya na ce a shuka. Ya ce ƙasar ba ta yi masa ba, na ce tunda rediyo ta faɗa ai magana ta ƙare. Ni da takardun karatuna, da shekara goma sha ɗaya ban riƙe fartanya ba, irina ma yana cikin wanda ya ƙone. Ba jahilci ba ne, yarda ce, kuma ita ce gadon da Baba ya bar maka, ba ƙarfen eriya ba.

Gyara bai gagara ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka shiga rediyo da bakinka ka ce kai ka yi kuskure. Ka buɗe rumbun Baba, rabona na gero duka a raba wa waɗanda suka rasa iri. Sannan ka je gidan Inna ka durƙusa. Za ta yi maka faɗa, ka shanye, na san za ta dawo. Gangar shuka kuma ka cire ta daga kwamfuta, ta koma akwatinta da koren zarenta.

Ka gaida Inna Delou da matarka Ruƙayyatu da yara, Nazira tana gaishe ku. Gonata na nan, na ce kada a sake zuba ko ƙwaya ɗaya sai an ji gangar. Wayata tana aljihun rigar aikina, ina jiran ranar da Inna za ta danna kaset ɗin da hannunta mai ƙasa.

Yayarka,
Sahadatou