Jikata ba ta jin ciwo

Litinin, 3 ga Maris

An yi min taron girmamawa a jami'a. Tsofaffin ɗalibaina sun cika ɗaki, wasu har da furfura. Shugaban sashe ya ce ni na nuna wa duniya yadda ƙananan ƙofofin da ke jikin jijiya suke buɗewa saƙon ciwo ya wuce ƙwaƙwalwa, wai magungunan da ake gwadawa don rufe su duk daga ɗakin gwajina suka samo tushe. Ya ƙara gishiri, amma na ji daɗi. Takalmin nan kuwa ya gasa min ƙafa har aka tashi.

Alhamis, 6 ga Maris



Auta da matarsa sun kawo min jikata, ƙawata 'yar shekara biyu. Ta sheƙo da gudu tana ɗingishi tana dariya. Na ɗaga ta, sai na ga idon sawunta ya kumbura suntum, ga zafi kamar an ciro daga wuta. Na danna. Na sake dannawa da ƙarfi. Ta dube ni ta cire min tabarau.

Uwarta ta ce, "Ai, Mama, yarinyar nan jaruma ce, ko allura ba ta sa ta kuka."

Na buɗe bakinta. Kan harshen duk tabon cizo. Sai da na nemi kujera.

Juma'a, 7 ga Maris

Hoton asibiti ya fito. Karaya ce. A kanta take ta yawo, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Talata, 11 ga Maris

Ƙanena marigayi nake ta gani a raina. Yadda yake soka ƙusa a tafin hannu yaran unguwa suna ihu, manya suna cewa baiwa ce. Ranar da ya diro daga rufin makaranta ya miƙe ya karkaɗe riga, ya zo gida ya ci abinci da mu. Washegari ya rasu, ashe jini ke zuba a cikinsa. Shi ya sa na shiga wannan aikin. Na san abin yana cikin jinina, amma sai ya haɗu ta wajen uwa da ta wajen uba yake fitowa, kuma da wuya hakan ta faru. Da bakina nake faɗa wa ɗalibai: da wuya.

Asabar, 22 ga Maris

Dogo, babban ɗalibina, shi ya yi gwajin jijiyar jikata. Ya shigo ofis ya kasa haɗa ido da ni. "Farfesa, ƙofar a rufe take ruf."

Na je na duba na'urar da kaina. Layin a kwance, ko motsi. Irin layin da muka yi shekaru muna nema ke nan. Ranar da wani magani ya fara ba mu shi har tafi muka yi, ni ce ma na fi kowa.



Laraba, 2 ga Afrilu

Na zaunar da Auta da matarsa na yi bayani. Auta ya ce, "Umma, ke fa kika fi kowa sanin abin nan. Ki buɗe mata mana." Kamar ƙofar ɗaki. Na ce rufewa kawai na koya, ita ma ban gama ba. Ya tashi ya fita, ya bar makullin motarsa a kan tebur.

Surukata ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To Mama, ni me zan riƙa yi?" Yarinyar nan ta fi mu duka.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Kullum da safe ake kawo min ita yanzu. Ina bin ta daga kai har tsakanin yatsun ƙafa, cikin baki, cikin ido. Ta ɗauka wasa ne, ita ma sai ta buɗe min nawa bakin. Ina koya mata "wayyo": in ta ga jini ko ta faɗi, ta faɗa, ta zo wurin babba. Yau ta buga goshi da tebur, ta tsaya tana tunani, sannan ta ce "wayyo, Kaka" tana washe baki. Na rungume ta har ta fara ture ni.

Dogo ya kira, mutanen kamfanin magani suna son ganina gobe kan sabon gwaji. Na ce ya je a madadina, ai ya iya. Na wannan makon ne kawai.

Wancan makon ma haka na ce masa.