Man da Ruwa Ba Ya Kamawa

Gummi, Litinin

Zuwa ga Yaya Laraba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna da yara, da fatan kuna lafiya.

Aikin shagon kwalliya yana tafiya. Anti Mardiyya mai shagon ba ta zagina. Sai dai kowace safiya fuskata take yi wa kwalliya, ta zaunar da ni bakin ƙofa don masu zuwa su ga hannunta. Ba a wankewa sai an rufe shago.

Kafin hoda akwai wani mai da take fara shafawa, mai santsi ƙwarai. Ta ce sinadarin cikinsa silikon ne, dangin roba, a masana'anta ake yin sa, zufa ba ta ɗaga shi. Yaya, ruwa ma ba ya kama shi. In na yi alwalar azahar, ruwan gangarewa yake kamar a kan leda. Ban san ko alwalata tana yi ba. Kwana ashirin da uku ke nan ina sallar azahar da la'asar, in na dawo gida in wanke fuska da sabulu in sake su. Na gaji.

Don Allah a tambayar mini Malam Sanda, amma kada a ce ni ce.

Ƙanwarki,
Zulai

Bukkuyum, Alhamis

Zulai,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna dai ƙafar ce.

Ke da ko hoto ba ki yarda a ɗauke ki, yau ke ce allon talla? Na aika baban Lukman wurin Malam. Ya ce in abin yana da jiki, yana toshe fata kamar fenti, dole a cire kafin alwala. In kuwa maiƙo ne kawai kamar man shanu, ba komai. Ya ce shi bai taɓa ganin silikon ba, ba zai yi fatawa a kan abin da bai sani ba, mai tambaya ta duba da kanta.

Inna ta ji. Ta ce ki dawo gida, tun abin da gubar dalma ta yi wa yaran Yargalma ba ta yarda da abin da ba ta san asalinsa ba. Ni ban ce ki dawo ba. Bana ma gona ba ta shiguwa, kuma sana'a kika je koyo. Ki buɗe baki ki tambayi mai shagon, ba za ta cinye ki ba.

Allah ya tsare,
Laraba

Gummi, Talata

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na duba. Na shafa a bayan hannu, na kankara da farce, bai ɓanɓaru kamar fenti ba. Kuma ba ya nutsewa kamar man shanu. Tsakani yake.

Kwana uku ina haɗa maganar a baki, jiya na tambayi Anti. Ba ta yi fushi ba. Tana goge madubi ta ce, "Wallahi ni ma ban sani ba, Zulai. Shi ya sa ban shafa wa tawa fuskar."

Na koma kujerata na zauna. Mata biyu suka shigo suka ce na yi kyau.

Ki gaida Inna.
Zulai

Gummi, ranar Laraba

Yaya,

Salam. Yau da aka kira azahar na ɗauki sabulu na wanke fuskata tas, a gaban kowa. Na yi salla sau ɗaya. Da za mu rufe, Anti ta ce gobe in zo da wuri, akwai magana.

Ki ce wa Audu direba ya ajiye mini wuri ranar kasuwa. In bai gan ni a tasha ba, ya tafi.

Taki,
Zulai