Ya Dawo Mini Da Kik Ɗin Da Ba Nawa Ba

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure tamau. Tun da abin nan ya faru ko zare na kasa zurawa a allura.

Ni tela ne, ina da ɗan shago a bakin titi. Bara injin tsohuwar motata ya buga, na ga gyaran ya fi ƙarfina, sai na riƙa sayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage mini mai daraja shi ne kik, wato abin da ke tayar da mota in an murɗa makulli. Sabo fil na saye shi, bai daɗe a jiki ba motar ta mutu. Na sa makanike ya kwance mini shi, na naɗe a ƙyalle, na sa a kwali, na ɗora kan kabad a ɗakin ajiyarmu. Akwai ɗigon koren fenti a gindinsa tun daga wurin dillali, na san shi sarai.

Da kuɗin hayar shago suka taso sai na ɗauko kwalin na baza labari. Wani dattijo ya zo, direba ne mai kai yara makaranta da mota irin tawa, mutum mai sanyin magana. Ya buɗe kwalin, ya ga abu yana ƙyalli. Ni kuwa ina kan keke ina fama da wuyan wata riga, ko tashi ban yi ba, na dai rantse masa cewa sabo ne. Ya biya ya tafi, kuɗin kuma a ranar suka wuce hannun mai shago.

Ba a daɗe ba sai ga shi ya dawo, gumi sharkaf, da kik a leda. Ya ce an ɗaura, ko tari motar ba ta yi ba, yara duk sun makara, in taimaka in mayar masa da kuɗinsa. Na karɓa na juya gindinsa. Gwaggo, babu koren fenti! Jikinsa kuma duk tabon guduma, irin na tsohon kik da aka sha bugawa kafin ya tashi. Nan take jinina ya hau. Na ce wato ya ɗaura sabon a motarsa ya kawo mini mataccen nasa, yana so ya haɗa kaya da kuɗi? Na fito bakin titi na ɗaga murya. Macuci, ɓarawo, tsohon banza, babu wanda ban kira shi ba, a gaban mai aski da mai cajin waya da duk wanda ya tsaya kallo. Ƙanina Auta, direban tasi ne, yana wurin, har ya ci kwalar dattijon, da ƙyar aka raba. Mutumin ya yi ta rantsuwa cewa abin da na ba shi ke nan, idonsa ya cika da ƙwalla, ya ajiye ledar a bakin ƙofata ya tafi.

Ashe cikin masu jiran ɗinki akwai wata hajiya da yake ɗaukar 'ya'yanta. Ta ce ita ba za ta ba ɓarawo amanar yara ba. Ta cire nata, ta faɗa wa sauran iyaye, na ji an ce yanzu rabin motarsa babu kowa. A lokacin har cewa na yi maganinsa ke nan.

Shekaranjiya muna karyawa ina ta cika baki a kan yadda na kama shi, sai matata, ba da wata manufa ba, ta tambaye ni yaushe rabona da tura motar Auta. Gida ɗaya muke da shi, motarsa irin tawa ce, kuma wata da watanni kullum safiya sai na fito na tura ta kafin ta tashi, har bayana ya fara ciwo. Kwanan nan ta daina neman turi, ni kuma hamdala kawai na yi, ban tambayi dalili ba. Auta yana banɗaki na fita na buɗe gaban motarsa, na haska fitilar waya can ƙasa. Ga koren fenti yana kallona. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Da na tsare shi bai ko musa ba. Wai aro ya yi. Ya wanke mataccen nasa da fetur har ya yi ƙyalli, ya naɗe a ƙyallena ya mayar cikin kwalin, wai da niyyar in ya samu kuɗi ya sayi wani ya dawo da nawa. Na tambaye shi ina cin kwala fa? Wai tsoro ne ya kama shi. Yanzu roƙona yake in rufa masa asiri, tunda mutumin ya haƙura ya tafi. Ga Innarmu da hawan jini, Auta kuma shi ne ɗan lelenta.

Gwaggo, kuɗin babu su a hannuna. In na yi magana na tona ɗan'uwana, in na yi shiru ga bawan Allah can abincinsa yana zubewa. Yaya zan yi?

Naki,
Telan da ya rasa bakin magana

*

Ɗana tela, sannu. Ni ma da na kai kan koren fentin nan sai da na ajiye tabarau na yi salati.

Zan fara da abin da ke gefenka. Ba ka sayar da mataccen kaya da saninka ba, kuma da ka ce wannan ba kik ɗinka ba ne, gaskiya ka faɗa. Ana yin irin musanyar da ka zarga, shakkarka ba hauka ba ce. Amma shi ma dattijon gaskiya ya faɗa. Kurenka biyu ne: ka rantse a kan kayan da ba ka buɗe ka duba ba, sannan ka yanke hukunci a bakin titi kafin ka bincika gidanka.

Maganar mayar da haƙƙi babu ja a cikinta. Ka yi alkawarin sabo, ka ba da matacce, ciniki bai cika ba. Kada rashin kuɗi ya tsayar da kai, ai kik ɗin gaske yana nan. Yau ɗin nan a kwance shi daga motar Auta. Ka ba dattijon zaɓi, ko kayansa ko kuɗinsa. In kayan ya zaɓa, a gwada a gabansa, a ɗaura masa, ku biya makanike, har da abin da ya kashe a ɗaurin farko. In kuɗi yake so, a sayar da kik ɗin a ba shi. Gaba kuma in za ka sayar da abu, ka tashi daga kan keke ka buɗe, a gwada a gaban mai saye, ku yi magana a kan mayarwa tun kafin kuɗi su shiga aljihu.

Sai dai abin da ka karɓe wa mutumin nan ya fi kik tsada. A bakin titi ka kira shi ɓarawo, to a bakin titin za ka wanke shi, a gaban mai aski da mai cajin waya, da muryar da ka zage shi da ita. Ka ɗauki matarka ku je wurin hajiyar nan, ka roƙe ta ta bi iyayen da ta faɗa wa ta warware.

Ba sai ka ambaci sunan Auta a titi ba. Ka ce a gidanka aka musanya kayan ba da saninka ba, ya wadatar. Inna ma ba dole ta ji ba. Amma Auta zai bi ka gidan dattijon da ƙafarsa ya nemi gafara. Ɗaukar kik ana iya cewa matsi ne. Cin kwalar mutumin da ka san shi ne mai gaskiya kuwa, wannan ba ya da suna sai zalunci, kuma in ka rufe masa shi ba ka taimake shi ba.

Daga gobe motar Auta za ta koma neman turi. Ka fito ka tura masa, ƙaninka ne. Amma sai bayan kun dawo daga gidan dattijon nan.

Allah ya sanyaya zuciyarsa ya yafe muku, ya cika masa motarsa da yara, kai kuma ya mayar maka da natsuwar hannunka.

Gwaggonku