Sunanka Ba Ya Bayan Faifan

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki? Ina fata ɓarin da ya shanye ya fara motsi. Ya maiɗakinka da yara?

Albishirinka. Faifaina na kiɗan jaz ya lashe kyautar faifan shekara. Alƙalan gasar sun fi yabon kiɗa na huɗu, inda sautin ƙaho ke sauka a hankali har ya koma kamar numfashi. Za ka gane shi, shi ne wanda kake busawa a bayan shagonka na gyaran rediyo.

Ranar da aka kai ka asibiti na ɗauke littafin kiɗanka daga ƙarƙashin katifa. Bakwai cikin tara na faifan daga ciki suka fito. Sunanka ba ya jiki. Kamfanin da ya fitar da faifan ya ce suna ɗaya ya fi saurin shiga kunne, ni kuma ban musa ba.

Allah ya ƙara sauƙi.
Ƙaninka, Auta

Yayana abin ƙauna,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, wasiƙar da ka sa babbar 'yarka ta rubuta ta iso. Ka ce ba ka neman komai, a bar ka kawai ka zauna a kujerar baya ranar ba da kyautar.

Don Allah kada ka zo. Zauren duk matakala ne, ga kyamarori, ga bakinka yadda ya karkace. Kuma na riga na faɗa wa 'yan jarida cewa yayana da ya koya mini busa ya rasu. Maganar ta ratsa mutane, har ɗaya daga cikin alƙalan ta share hawaye. Idan aka turo ka a keke, me zan ce?

Shekara goma sha biyu kana cewa busata kamar kukan buta a kan wuta. Ban riƙe ka ba. Amma da ban ɗauki littafin ba, da yanzu gara ta cinye shi.

Naka har kullum, Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, ina fata ka tashi lafiya. An yi taro, zaure ya miƙe tsaye da na ambace ka. Da ka gani da ka ji daɗi.

Kamfani na son faifai na biyu. Saura kiɗa ɗaya a littafin, shi ma ka tsaya a rabi. Wata uku ina fama, ya ƙi ƙarasuwa. 'Yarka ta ce har yanzu kana rera shi da hanci idan an fito da kai shan iska. Ka rera mata ƙarshen ta ɗauka a waya ta turo mini. A rufe taga saboda hayaniya. Kuma ka daure kada ka yi magana a ciki, mai haɗa sautinmu ya san muryarka, ya ma zo mini ta'aziyya.

Ƙaninka mai ƙaunarka, Auta