Ranar da Aka Sa Mana Sola

Daren Alhamis, watan Sha'aban

Yau an ɗora mana sola a kan kwanon ɗakin Baba. Yaya Sani ne ya turo masu aikin daga Kano. Da hantsi suka yi kiran "Za a hau sama!", matan maƙwabta suka shige ɗaka, ni ma ina leƙe ta labule.

Da magariba ƙwan lantarki ya kama, Inna har da guɗa. Baba ya jona wayarsa, ya dube ni yana dariya: "To Rabi, kin huta da zaryar shagon caji."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba."

Aiken nan ne kaɗai ke fitar da ni bakin kasuwa. Kullum da la'asar in miƙa wa Nura mai shagon wayar Baba, ya ce, "Malama Rabi, an iso?" ni kuwa in sunkuyar da kai. Ban taɓa ce masa abin da ya wuce "eh" ba. A littattafan soyayya dalilin haɗuwa ba ya ƙarewa. Ni na laluba, ban samu ko ɗaya ba. Ga shi ana cewa tsadar fetur ta sa zai rufe shagon ya tafi Legas bayan salla.

Ɗazu Baba ya ɓare 'yar takardar shaida da Nura ya liƙa a bayan wayar, ya yar. Kowa lamba yake rubuta masa, mu kuwa sunana ya rubuta. Sai da aka watse na tsinto ta a tsakar gida. Ba don hasken nan ba, da ban gan ta ba.