Murfin Akwatin Inna

Rurum Sabon Gari, Rano.

Zuwa ga Yaya Isiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufin asiri, ya tsare ku daga ciwo. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar maigidana Malam Badamasi ta yi sauƙi har yana leƙa gona, 'yata Sadiqa kuwa ta yaye yaronta lafiya. An yi yayyafi, amma ba a kai ga shuka ba.

Yaya, na zaɓi takarda ne don a waya ka katse ni. Ka san 'yarka Ramlat ba ta da ƙiwa, tun da ta zo hutu take kama mini aiki. To, ran nan ta nuna mini a wayarta wai a wasu ƙasashe ana rataye allon ado a ƙofa don yi wa kowane lokaci maraba, ita ma za ta yi wa zaurenmu na "Barka da Bazara", kuma ba sai an sayi komai ba. Na ce mata ban taɓa jin wanda ya yi wa bazara barka ba, lokacin da rijiya ke ƙafewa, yara na kwana kuka saboda zafi. Ta yi dariya, ni kuma na ƙyale ta na tafi biki Kibiya.

Da na dawo na tarar da abin a rataye. Ta shafe shi da ragowar fenti ruwan ɗorawa, ta dama sitacin rogo ta manna yankakken mangwaro da lemon tsami a gefe, haruffan kuma ta jera su da gero da wake. Kafin mako ya zagayo, iskar hadari ta kawo laima, sitacin ya yi tsami. Mangwaron ya ruɓe yana tsiyaya a bango, ƙudaje suka mai da zauren gidansu, kyankyasai na leƙowa ta bayan katakon. In ka shigo wari ne ke amsa maka sallama. Na ce ta sauke, ta roƙe ni in bari ta gyara. Ana cikin haka Malam Ramalan na Durba, aminin Baba, ya zo gaishe mu. Aka shimfiɗa masa tabarma daidai ƙarƙashin allon, aka kai masa fura. Ina durƙushe ina gaishe shi tsutsa ta faɗo cikin ƙwaryar, fara ƙal, tana motsi. Dattijon ya ajiye ludayi a hankali ya ce ya ƙoshi.

Da kaina na fizgo allon. Ina juya shi na ga zanen wutar nan na ƙadangare da tauraro a bayansa. Murfin akwatin katakon Inna ne, wanda ta zo da shi gidan Baba daga Kahu. Ramlat ta gan shi a ɗakin ajiya, ta ɓamɓare shi da guduma, ta huda shi da ƙusa. Murtala kafinta ya ce zai koma mazauninsa, amma fentin ya riga ya shiga jikin itacen.

Da na faɗa maka, cewa ka yi katako ne kawai, za ka aiko da sabon akwati, in kuma yarinya ta dame ni in sako ta a mota. Wallahi wannan magana ta fi tsutsar ba ni ƙyama. Ita Ramlat rashin sani ne, wanda ya sa kaza ta kwana kan dami. Wuni ta yi tana kankare murfin da toka da soso, yatsunta har sun yi jini, tana kuka. Sai ta tambaye ni ko Inna doguwa ce, ko tana da faɗa, ko akwai inda suka yi kama. Ta ce ba ka taɓa ba ta labarinta ba, ko sau ɗaya. Budurwa har ta shiga jami'a, ba ta san komai ba game da matar da ta daka dawa ta ciyar da ubanta.

Don haka ba zan sako ta a mota ba. Ranar Juma'a zan kai ta Kahu wajen Iya Khadijatu, ƙanwar Inna, ta ji daga bakin wadda ta san ta tun tana yarinya. Akwatinka kuwa ka riƙe abinka. In kana son 'yarka, ka zo da ƙafarka ka ɗauke ta, ka tsaya a kabarin mahaifiyarka ka yi mata addu'a.

Ka gaishe mini da matarka Ummukulsum da yara, su Mujahid. Malam da Bappa, ƙanin Baba, suna gaishe ka. Ramlat ma ta ce in gaishe ka, ta ce tana da tambayoyi.

Ƙanwarka,
Saudat