Lambar Na'urar Ɗakin Baba

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙafar nan. Ni lafiyata lau, sai dai kaɗaici. Daga wurin aiki sai ɗakina, ɗakin da kujera ɗaya ce a ciki, kuma ba ta taɓa yi mini kaɗan ba.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Kin san ƙaramar kwamfutar da na kafa masa a kan durowa, wadda muke ganin juna da ita kullum bayan azahar. Ta mutu watan jiya, na aika da sabuwa, maƙwabcinsa tela ya jona masa. To, intanet ɗin ginin da Baba yake ba ya karɓar na'ura sai wadda aka yi wa rajista da lambar katin sadarwarta, wato lambar da kowace na'ura take zuwa da ita daga masana'anta. Mai kula da ginin ya ba sabuwar izinin baƙo na mako biyu, ya ce rajista sai mai ɗaki ya je ofis da ƙafarsa. Baba da ko matakala ba ya iya sauka! Da na matsa masa, ya ce in na iya, in sa wa sabuwar lambar tsohuwar, shi ba ruwansa.

Abin da aka saba shi ne a kashe katin, a canza lambar, a sake kunnawa. Amma ni ta wannan katin nake shiga na'urar daga nan. In na kashe ya ƙi tashi, shi ke nan, na rufe ƙofa da kaina ina waje. Tela ya yi tafiya, idon Baba kuwa ba ya ganin maɓalli. Abokin aikina ya yi mini dariya, wai ina gyara na'urori ɗari a rana amma guda ɗaya ta hana ni cin abinci. Ai shi tsohonsa yana gida ɗaya da shi.

Ranar da izinin zai ƙare, lokacin hutun rana, na shiga ɗakin na'urori na zauna a ƙasa cikin sanyin nan da ƙarar fanka. Na duba, na ga katin kwamfutar Baba yana daga masu yarda a canza musu lamba suna aiki. Na kira Baba ta kwamfutar, na gaya masa hoto zai ɗan ɗauke, kada ya taɓa komai. Na yi bismillah na danna. Hoton ya daskare, sannan allon ya yi baƙi. Yaya, ban taɓa jin ni kaɗai ne a duniya kamar a wannan lokacin ba.

Ko minti ɗaya ba a yi ba hoton ya dawo. Na ga Baba ya matso da fuskarsa dab da allon, hularsa a karkace. Na fara yi masa bayanin cewa aiki ya yi, yanzu ba mai yanke mu. Bai saurari bayanin ba. Cewa ya yi: "Na ɗauka kai ma ka tafi ne."

Ban rubuto don in ɗora miki laifi ba, na san nisa da ɗawainiyar yara. Ni ma shekara uku ke nan ban taɓa hannunsa ba. Na nemi hutu, an ce sai bayan wata huɗu. Don Allah in da hali ki riga ni zuwa, ko kwana biyu ne ki yi masa.

Ki gaida maigidanki, da Gwaggo, da Auta, da takwarar Mama. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Injiniyan Baba